Idan hanji yana da bugunsa na kansa, me ke tsayar da shi?

Fuseini_Asawase:
Assalamu alaikum malamai da yayye. Tambayata a kan ƙwayoyin Cajal ce, wato wasu ƙwayoyin halitta da ke cikin bangon tumbi da hanji, waɗanda ake taƙaitawa da ICC. An ce su ke ba tumbi da hanji bugun lantarki, kuma ko an yanke jijiyoyin da ke saukowa daga ƙwaƙwalwa ba sa dainawa. To in haka ne, me ya sa cikin wanda aka yi wa tiyata kan yi tsit kwana biyu ko uku? Me ya sa mai shan tiramol kan yi mako bai zaga ba? A fahimtata, sinadaran da jijiyoyi ke saki su ke kunna ƙwayoyin nan, su ke kashe su. A gyara mini in na karkace.

Dr_Rabi_Aboabo:
Wa alaikumus salam. Ƙanena, ka haɗa abu biyu wuri ɗaya: bugun lantarki daban, matsewar tsoka daban. A zuciya kowane bugu da matsewarsa, shi ya sa ake ruɗewa. A hanji ba haka ba ne. ICC suna bugawa dare da rana, sau 3 a minti a tumbi, sau 11 zuwa 12 a farkon ƙaramin hanji, kimanin 8 a ƙarshensa, ko da abinci ko babu. Amma tsokar bangon hanji ba ta matsewa sai bugun ya ɗaga ta ya kai wani mataki. Makaɗi yana ta kiɗansa ne, sai dai ba kowane lokaci masu rawa ke shiga fili ba. Yawancin sinadaran da kake magana aikinsu a nan yake: su ke yanke hukuncin ko tsoka za ta amsa, da kuma ƙarfin amsar.

Hujja mafi sauƙi tana cikin mai azumi. Idan tumbi ba komai, hanji kan shiga wani zagaye na minti 90 zuwa 120. Yawancin lokacin shiru ne, ba matsewa, alhali in ka auna lantarkin bangon za ka ga bugun bai fasa ba. Sai a ƙarshen zagayen a sami minti 5 zuwa 10 da kowane bugu ke zuwa da matsewa mai ƙarfi, a share ragowar abinci da ƙwayoyin cuta zuwa gaba. Adadin bugun bai canza ba tsakanin shirun da sharar. Abin da ya canza shi ne sinadarai biyu masu tayar da tsoka, motilin da asetilkolin.

Malam_Issah_Yalwa:
Likita ta faɗi gaskiya. Bari in shiga cikin ƙwayar, don a ga inda sinadari zai iya sa hannu.

A cikin kowace ICC akwai rumbun kalsiyam. Rumbun yana da ƙofofi iri biyu, masu amsa sinadarin IP3 da masu amsa sinadarin rayanodin, kuma lokaci-lokaci yakan saki kalsiyam ɗan kaɗan a kusa da fatar ƙwayar. A fatar akwai ƙofar kuloraid mai suna ANO1, wadda kalsiyam ne mabuɗinta. ICC tana tara kuloraid a cikinta fiye da kima ta hanyar wani famfo da ake kira NKCC1, don haka da ƙofar ta buɗe kuloraid waje yake yi, cajin cikin ƙwayar ya tashi. Wannan tashin ya buɗe ƙofofin kalsiyam nau'in T, kalsiyam ya shigo daga waje, ya sa rumbun ya ƙara saki, ANO1 da yawa su buɗe lokaci guda. Bugun kenan. Daga nan famfo ya mayar da kalsiyam rumbu, a sake lale.

ICC suna haɗe da junansu da ƙwayoyin tsoka ta wasu ƙananan kafofi, don haka bugun yana ratsawa. Tsoka a huce cajinta yana wajen -60 zuwa -70 mV. Sai ta haura kusan -40 ƙofofin kalsiyam ɗinta nau'in L ke buɗewa sosai, kuma wannan kalsiyam ɗin ne ke jawo matsewa. Tsoka ba ta iya ƙirƙirar bugun da kanta, karɓa kawai take yi.

A ɗakin gwaji ana raba abubuwan nan fili. Ka zuba tetrodotoksin, jijiyoyi su yi shiru, bugun yana nan. Ka zuba nifedifin, tsoka ta daina motsi, bugun yana nan. Amma ɓeran da aka cire wa ANO1 ba shi da bugun ko kaɗan.

Sadia_Tafo:
Malam, nifedifin ɗin da muke ba masu hawan jini?

HajiyaMemuna_Kemis:
Shi fa, 'yata. Shi da amlodifin da berafamil duk ƙofar L suke toshewa, kuma ƙofar da ke jijiyar jini irinta ce a hanji. Berafamil ya fi su jawo taurin bayan gida nesa ba kusa ba, amlodifin kaɗan yake yi. Amma tsoho mai shan amlodifin da maganin ƙarin jini da ƙwayar kalsiyam, ga ƙarancin shan ruwa, in ya zo da kukan ciki a fara duba ledar magungunansa kafin a ba shi na wankin ciki.

Fuseini, batun tiramol kuwa, ba ICC yake kamawa kai tsaye ba. Makarɓan da ake kira "mu" (makarɓi shi ne wurin da sinadari ko magani ke zama a jikin ƙwaya ya yi aiki) suna kan jijiyoyin da ke cikin bangon hanji. In maganin ya zauna a kansu, jijiyar ta rage sakin asetilkolin, sannan jijiyoyin da ke sa gaba ta saki don kashi ya wuce su ma su yi sanyi. Sai turawar gaba ta mutu, hanji ya riƙa ɗan matsewa a wuri ɗaya, ruwan da yake tsattsafowa ya ragu, wanda ke ciki kuma a tsotse shi. Kashi ya bushe ya zama kamar tsakuwa. Abin da ya sa ya fi muni shi ne jiki yana sabawa da maganin wajen rage zafi da maye, mutum ya yi ta ƙara yawa, amma babban hanji ba ya sabawa. Abin da aka amince a sayar a Ghana 50 mg ne da 100 mg, amma wanda samarinmu ke samu a lungu har da 225 da 250. Lofaramaid na gudawa ma makarɓi ɗaya suke kamawa, shi dai ba ya shiga ƙwaƙwalwa a ƙa'idar shansa: 4 mg da farko, 2 mg bayan kowace gudawa, kada a wuce 16 mg a yini, kuma ba a ba mai kashin jini da zazzaɓi.

Yakubu_Suame:
Ina da ja a kan maganar Likita Rabi cewa adadin bugun ba ya canzawa. A ƙaramin hanji na yarda, da wuya ya gusa. Amma a tumbi sinadarai suna taɓa adadin kansa. Asetilkolin in ya zauna a kan makarɓin M3 na ICC yana ƙara IP3, rumbun da Malam Issah ya ambata ya riƙa saki da sauri, bugun ƙasan tumbi ya ƙaru. Furostagilandin E2 ma haka yake yi ta makarɓin EP3. Kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, saboda tsarin tumbi a kan fifikon sauri ya dogara. Wurin da ya fi sauri, can sama a gefen babban lanƙwasar tumbi, shi ke jan ragama, sauran su bi. In ƙasan tumbi ya yi sauri ya wuce na sama, sai ya ɓalle ya fara nasa bugun, wani lokaci ma ya riƙa turawa baya. Ana ɗaukar 2 zuwa 4 a minti a matsayin daidai. Abin da ya haura 4 yakan zo da tashin zuciya, kuma tsoka ba ta samun sararin matsewa da kyau.

Dr_Rabi_Aboabo:
Yaya Yakubu, gyaranka ya karɓu, a kan zagayen azumi a ƙaramin hanji nake magana. Ƙari a kan naka: a ƙasan tumbi kusan kowane bugu yana zuwa da 'yar matsewa ko ba yawa, sinadarai ƙarfinta suke ɗagawa. Ƙololuwar tumbi kuwa, sama da wurin da ka ce yana jan ragama, inda abinci ke fara sauka, ba shi da bugun ma sam. Sakewa yake yi ya karɓi abinci, sannan ya riƙa matsowa a hankali.

Sadia_Tafo:
To me ke sa shi sakewa? Kullum maganar abin da ke matsewa ake yi.

Malam_Issah_Yalwa:
Naitirik oksaid ne babba. Jijiyoyin hanawa suna ƙera shi nan take, ba a ajiye shi. Iska ce, ba ta bukatar ƙofa, ratsa fata take yi ta shiga ƙwaya, ta tayar da sinadarin da ke ƙera cGMP. Shi kuma cGMP ya kunna PKG, wanda ke danne ƙofar IP3 ta rumbun. Kalsiyam ya daina fita, ANO1 ta rufe, cajin ya sauka, tsoka ta saki. Kin ga kenan asetilkolin da naitirik oksaid a ƙofa ɗaya suke haɗuwa, ɗaya yana buɗewa ɗaya yana rufewa.

Ba ICC iri ɗaya ba ne. Waɗanda ke shimfiɗe tsakanin tsoka mai zagaye da mai tsawo, kusa da tarin jijiyoyi, su ne masu bugu a tumbi da ƙaramin hanji. Akwai wasu siririya da ke kwance a cikin tsokar kanta, manne da bakin jijiyoyi, su ke karɓar saƙon su miƙa. A babban hanji kuma masu bugun suna gefen ciki na tsoka mai zagaye.

Sannan akwai ƙwaya ta uku da ake mantawa da ita, mai ɗauke da PDGFRα. Ita ce ke amsa ATP da danginsa ta makarɓin P2Y1, ta buɗe ƙofar fotasiyam SK3, cajin ya faɗi cikin gaggawa. Hanawa mai sauri tata ce, ta naitirik oksaid a hankali take zuwa ta daɗe. Sinadarin VIP ma yana hanawa ta cAMP, amma sai jijiya ta yi ta harbi ba ƙaƙƙautawa ake sakinsa.

Abdul_Razak_Alabar:
Malam, a yi wa yara adalci, batun cewa saƙon naitirik oksaid sai ya bi ta ICC ba a gama shi ba. Tsokar ita ma tana da sinadarin da ke karɓarsa. A gwajin ɓeraye da aka cire sinadarin daga ICC kaɗai, ko daga tsoka kaɗai, sakewar ba ta ɓace gaba ɗaya ba. Sai da aka cire daga dukansu biyu. Masana sun yi shekaru suna kai-kawo a kan wannan. Abin da ba gardama a kai shi ne bugun.

Malam_Issah_Yalwa:
Haka ne, hanya biyu ce. Ni dai ina riƙe da cewa faɗuwar cajin ta ICC take bi, domin in babu su tana raguwa ƙwarai. Sakewar tsoka mai ɗorewa kuwa tana iya faruwa a cikin tsokar kai tsaye.

HajiyaMemuna_Kemis:
Ga inda wannan ke fitowa a kanti. Sildenafil, maganin maza, hana rushe cGMP yake yi. Bawul ɗin da ke tsakanin maƙoshi da tumbi da naitirik oksaid yake sakewa, shi ya sa masu shan sa ke kukan ƙwannafi. Buskofan kuwa M3 da M2 yake toshewa, murɗar ciki ta lafa. Amma cikin da ya riga ya kumbura ya yi shiru, in ka ƙara masa buskofan ka ƙara kwantar da shi ne.

Dr_Tanko_Sawaba:
Bari in ɗauki ɗaya rabin tambayar Fuseini, ta bayan tiyata, tunda aikin hudawar hanji ta taifot ba baƙo ba ne a wurinmu. A ƙarshen ƙaramin hanji take hudawa, kuma mara lafiya kan iso bayan kwanaki, cikinsa cike da ruɓa.

Abu uku ke haɗuwa. Da an yanka fata an taɓa hanji, jijiyoyin firgici suna sakin noradirenalin, wanda ke hana jijiyoyin bango sakin asetilkolin. Wannan na awoyi ne. Na biyu ya fi daɗewa: a cikin tsokar hanji akwai ƙwayoyin garkuwa mazauna, makrofaj. Taɓa hanji da hannu ko ruɓa yana tayar da su, su kira fararen ƙwayoyin jini, su riƙa zubar da naitirik oksaid da furostagilandin ba lissafi. Abin da jijiya ke saki ɗigo-ɗigo a kan lokaci, yanzu ya zama malala. Na uku mu ke jawo shi, wato mofin da fetidin da tiramol.

A al'ada ƙaramin hanji kan farfaɗo cikin awa 24, tumbi 24 zuwa 48, babban hanji 48 zuwa 72. In an wuce kwana huɗu ko biyar ba tusa, ciki na ƙara kumbura, kada a ce ai haka yake. A nemi ɗinkin da ya zame, ko ruɓar da ta taru, ko toshewa. Kuma a auna fotasiyam. Ƙasa da 3.5 mmol/L tsoka ba ta amsa bugu yadda ya kamata. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a yi ta ɗaura ruwan gishiri da na suga kwana uku, alhali babu fotasiyam a cikinsu ko ɗigo, ga bututun hanci yana zuƙe ruwan tumbi, ƙoda kuma tana zubar da nata. Ruwan Ringa da ake ɗaurawa ma 4 zuwa 5 mmol kawai ke cikin lita. Bukatar yini kimanin 1 mmol ce a kowane kilo. In za a mayar ta jijiyar hannu, kada ya wuce 40 mmol a lita, kada gudu ya wuce 10 mmol a awa in ba na'urar duba zuciya, a tabbatar fitsari na fita, kuma har abada ba a tura shi da sirinji kai tsaye. In ya ƙi tashi a duba magniziyam.

Baba_Seidu_Akwatia:
Likita, to wanda ke gida fa? Mata kan jiƙa kanwa su ba mai kumburin ciki, su ce ai ita ce fotash.

Dr_Tanko_Sawaba:
Baba, don Allah a hana. Kanwa gishirin sodiyam ce, kabonet da baikabonet, fotasiyam ɗin cikinta bai taka kara ya karya ba. Gyatsar da ake yi bayan an sha iska ce da ta fito daga haɗuwarta da asid ɗin tumbi, ba hanji ne ya tashi ba. Mai amai in ya sha ta jininsa yana ƙara karkata zuwa alkali, fotasiyam ya ƙara faɗuwa, ga hawan jini. Wanda gudawa ko amai ya zuƙe, ORS ne nasa, akwai 20 mmol na fotasiyam a lita. Ruwan kwakwa da ayaba da kontomire (ganyen gwaza) su ma suna da shi, in dai ƙodarsa lafiya.

Sadia_Tafo:
Malam Issah ya ce NKCC1. Lasis, maganin sa fitsari, ba dangin wannan famfon yake toshewa ba? Kenan yana tsayar da bugun hanji?

Malam_Issah_Yalwa:
Kin lura da kyau. A kwanon gwaji, bumetanaid, ɗan'uwan lasis, yana raunana bugun. Amma a mara lafiya hanyar da lasis ke taurara ciki ita ce ta zubar da ruwa da fotasiyam, wato abin da Likita Tanko ya gama bayani.

Dr_Rabi_Aboabo:
Duk abin da aka faɗa zuwa yanzu saƙonni ne na daƙiƙa ko na kwanaki. Akwai na shekaru, kuma shi ya fi damuna saboda yawan masu ciwon suga a unguwanninmu.

ICC ba sa rayuwa sai ana ciyar da su da saƙo. A fatarsu akwai makarɓi mai suna Kit, abin da ke zama a kansa kuma SCF ne, wanda tsokar da ke kewaye da su ke samarwa. Da wannan ma aka tabbatar da aikinsu. Cajal, masanin da suka ci sunansa, ya zana su tun 1893, Lars Thuneberg ya kafa hujja a 1982 cewa su ne masu bugun, amma sai a 1992 masu bincike a Japan suka toshe Kit a jariran ɓeraye suka ga motsin hanji ya rikice, sannan a 1994 da 1995 aka nuna ɓerayen da Kit ɗinsu ya lalace ba su da ICC masu bugu a ƙaramin hanji, ba su da bugun kuma.

Tsoka tana bukatar insulin da IGF-1 kafin ta samar da SCF. In sun yi ƙaranci, SCF ya ragu, ICC su fara zubewa. A gefe guda yawan suga yana jawo tsatsar sinadarai a ƙwayoyi. Makrofaj masu kariya, masu ɗauke da HO-1, su ke tare wannan, kuma a ɓeraye an ga sai sun ɓace tumbi ke fara jinkiri. Jijiyoyin naitirik oksaid su ma suna raguwa, sai ƙofar fita daga tumbi ta ƙi sakewa. A binciken naman tumbin masu wannan lalurar, raguwar ICC ce aka fi gani, kusan a rabinsu. Mutum ya ci loma biyar ya ƙoshi, ya yi aman abincin da ya ci tun safe da yamma, kuma sugansa ya faɗi bayan allurar insulin saboda abincin bai bar tumbi ba, can anjima ya yi sama.

Yakubu_Suame:
Kafin a ce ICC sun mutu a duba sugan ranar. Ko a mai lafiya, tumbi ya fi jinkiri a 8 mmol/L a kan 4. In aka ɗaga sugan sosai bugun tumbi yana rikicewa nan take, kuma an nuna indometasin, mai hana furostagilandin, yana hana rikicewar. Wannan ya koma ga EP3 da na ambata. Shi ya sa gwajin fitar abinci daga tumbi ba a yin sa da suga a sama, kuma ana dakatar da tiramol da buskofan da metoklofuramaid kwana biyu zuwa uku kafin nan. Ma'aunin shi ne saura fiye da kashi 60 cikin 100 a awa 2, ko fiye da kashi 10 a awa 4. Kuma dole a fara leƙa tumbi da kyamara, don gyambon da ya ƙuntata ƙofar fita ko ƙari suna ba da alamu iri ɗaya.

Mariama_Lab:
Ƙari daga ɓangaren duba nama. Ɗan naman da ake tsinkowa da kyamara fatar ciki ce kawai, ba ya kai wa tsoka, don haka ba a ƙirga ICC da shi. Sai yanka mai cikakken kauri. Rinin Kit, wato CD117, yana kama ƙwayoyin garkuwa na mast su ma, wanda bai saba ba sai ya ƙirga su. Su kewayayyu ne, ICC kuwa siririya masu rassa. Rinin ANO1 ba ya kama mast. Wannan rinin shi ne DOG1 da muke yi wa ƙarin tumbi da hanji mai suna GIST, domin ƙarin daga zuriyar ICC yake. A 1998 aka gano Kit ɗinsa ne ke maƙalewa a kunne ba tare da SCF ba, kuma haka yake a kusan kashi 75 zuwa 80 na masu shi. Imatinib, 400 mg a yini, wannan makarɓin yake toshewa. Sannan shekaru kaɗai ma suna rage ICC, kimanin kashi 13 cikin 100 duk shekara goma, don haka sai an kwatanta da sa'an mutum.

Fuseini_Asawase:
Anti Mariama na gode. To in sun ragu, akwai maganin da ke dawo da su?

HajiyaMemuna_Kemis:
A kanti babu. Magungunan da ke hannu matsa wa abin da ya saura suke yi. Metoklofuramaid yana toshe makarɓin D2, yana taɓa makarɓin serotonin na 5-HT4, jijiya ta ƙara sakin asetilkolin: 10 mg kafin abinci, bai wuce sau uku ba. Turai ta taƙaita shi zuwa kwana 5 a 2013, Amurka ta sa iyakar mako 12, saboda murɗewar wuya da juyewar ido a matasa, da motsin baki da harshe a tsofaffi wanda kan ƙi warkewa. Domferidon 10 mg sau uku, shi kuma zuciya ake ji masa. Eritromaisin makarɓin motilin yake kamawa, ya kawo irin sharar da Likita Rabi ta bayyana a farko, amma cikin 'yan makonni makarɓan sun janye ya daina aiki. Kada a haɗa shi da domferidon, yana hana hanta rushe shi, kuma dukansu suna tsawaita QT a awon lantarkin zuciya. In akwai zargin toshewa, ko ɗaya ba a bayarwa.

Dr_Rabi_Aboabo:
Abinci yana yin abin da ƙwaya ba ta yi. Ƙofar fita daga tumbi ba ta barin abin da ya wuce milimita 1 zuwa 2, sauran sai ƙasan tumbi ya niƙa, kuma niƙan ne ya raunana. Ruwa-ruwa yana wucewa ko da haka. Don haka koko tatacce, miya da aka markaɗa, ƙwai, kifi mai laushi, kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida. Mai yana sa a saki sinadarin CCK, wanda ke rage fitar abinci, ga ƙosai da miyar gyaɗa mai kauri da manja. Ganda da zaren lemu da ɗanyen kabeji suna iya dunƙulewa. Farantin wake da shinkafa da taliya da gari a zama ɗaya, ko a buɗa baki da tuwo mai nauyi a kwanta, shi ke kawo aman tsakar dare.

Baba_Seidu_Akwatia:
Cittar da ke cikin koko da lamurji fa? Iyayenmu da ita suke maganin tashin zuciya.

Yakubu_Suame:
Baba, wannan yana da tushe. A gwaji da mutane, giram 1 na citta ya rage rikicewar bugun tumbi da yawan suga ke jawowa, kuma giram 1 zuwa 2 ya rage tashin zuciya da saurin bugun da jiri irin na mota ke kawowa. Masu juna biyu ma ana ba su kimanin giram 1 a yini, domin furojestaron yana rikita bugun tumbi. Sai dai lamurjin da ake sayarwa suga ya yi masa yawa, mai ciwon suga ya dafa cittarsa da kansa.

Fuseini_Asawase:
To in na tattara: a tiramol da bayan tiyata ICC suna nan suna bugawa, tsoka ce ba a ba ta izini ba. A ciwon suga kuma su kansu ke ƙarewa. Haka ne?

Abdul_Razak_Alabar:
Na tiramol haka ne. Na tiyata ban yarda gaba ɗaya ba. A ɓerayen da aka yanke wa hanji aka ɗinke, bugun kansa ya raunana a kusa da ɗinkin cikin awoyi, rinin Kit ya dusashe, sannan ya fara dawowa washegari. Hana naitirik oksaid na kumburi ya rage ɓarnar. Kuma duk inda aka yanke hanji, sashen ƙasa ya rabu da mai jan ragamarsa, sai ya koma nasa adadin da ya fi jinkiri.

Dr_Tanko_Sawaba:
Wannan a 'yan santimita kusa da ɗinki ne, Abdul Razak, alhali shirun yana kama har babban hanjin da ba a taɓa ba. Can jijiyoyi ne da kumburi da magungunanmu. Babban hanji ma turawarsa mai ƙarfi, wadda ke zuwa sau kaɗan a yini bayan farkawa da bayan cin abinci, jijiyoyi ke shirya ta, kuma ita ce ke makara wajen dawowa. Shi ya sa ake rage mofin a koma farasitamol da allurar kashe zafi ta wurin yanka, a cire bututun hanci da wuri in hali ya yi, a fara ba da ruwa ta baki, a tayar da mutum ya taka.

Malam_Issah_Yalwa:
Ku biyun kuna auna wuri daban ne. Fuseini, ka ƙara serotonin a lissafinka, don bai shiga rabon da ka yi ba. Sama da kashi 90 na serotonin ɗin jiki a hanji yake. Ta 5-HT3 da 5-HT4 yana aiki a kan jijiyoyi cikin daƙiƙa, amma ICC suna da 5-HT2B, kuma ta nan yana sa su hayayyafa. Tiramol kuwa, ban da makarɓin "mu", yana hana a mayar da serotonin da noradirenalin cikin jijiya, don haka wanda ke haɗa shi da amitriftilin ko fuluoksetin a tambaye shi tun kafin a rubuta masa komai.